Gwiwa ɗaya, Yuro miliyan 20: Darasin raunin Sadiq Umar ga matasan Mubi

A kasuwar shanu ta Mubi, inda ake koro dabbobi daga Kamaru da Chadi kafin a loda su zuwa kudancin Najeriya, mai saye ba ya taya sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa an ja shi ya ga takunsa. Ɗingishi kaɗan ya isa ya rushe cinikin da dillali ya wuni yana ƙullawa.

Ɗan Adam ya wuce a kwatanta shi da dabba. Amma matasan garin da ke cika gidajen kallon ƙwallo a ƙarshen mako sun san kasuwar 'yan wasa ma ba ta yarda da cinikin biri a sama. Abin da ƙungiya ke saye shi ne wasan da take fatan ɗan wasa zai buga mata a gaba, kuma wannan fata a kan gaɓoɓinsa ta dogara.

Misali mafi kusa da su shi ne Sadiq Umar, haifaffen Kaduna, wanda ya ci ƙwallo biyu a wasan da Najeriya ta doke Honduras ta samu tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Bayan ya taimaki Almeria ta hau rukunin farko na gasar Sifaniya, Real Sociedad ta saye shi a farkon Satumbar 2022 a kan kimanin Yuro miliyan 20, domin ya cike gurbin Alexander Isak da ya koma Newcastle. A wasansa na farko ya zura wa Atletico Madrid ƙwallo. Ranar 11 ga watan, a filin Getafe, jijiyar da ke riƙe da gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare nan take.

Irin wannan rauni yakan buƙaci tiyata da jinyar wata shida zuwa tara, wani lokaci fiye. Sai dai a littafin ƙungiya lissafi ba ya jiran majinyaci. Ana rarraba kuɗin sayen ɗan wasa ne a kan shekarun kwantiraginsa. Na Sadiq na shekara shida ne, wato sama da Yuro miliyan 3 ke zaizayewa daga darajarsa duk shekara, ko ya taka leda ko yana kwance, ban da albashi. Da ya murmure, ƙwallayen ba su zo kamar da ba, har ta kai a Janairun 2025 aka ba Valencia aronsa.

Abubuwa uku masu saye ke aunawa: shekarun ɗan wasa, abin da ya rage a kwantiraginsa, da yiwuwar ciwon ya dawo. Na ukun ne ya fi karya farashi. Victor Boniface ya tsinke jijiyar gwiwa sau biyu lokacin da yake Bodo/Glimt ta Norway. Duk da ya ɗauki kofin Bundesliga da Bayer Leverkusen a 2024, a Agustan 2025 cinikinsa zuwa AC Milan ya watse bayan gwajin lafiya, ya ƙare da tafiya aro Werder Bremen.

Akwai dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke tsananta wannan gwaji. Dokar FIFA ta hana a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon binciken likita. Da zarar an sa hannu, aibin da ya bayyana daga baya na mai saye ne. Haka ta faru da Inter Milan a 1996, lokacin da ta gano matsala a zuciyar Nwankwo Kanu bayan ta ɗauko shi daga Ajax. An yi masa aiki a Amurka, kuma a 1999 Arsenal ta saye shi, ya ɗauki kofin Firimiya sau biyu da ita. Ashe wanda kasuwa ta yi wa tayin wulaƙanci kan iya zama riba ga mai haƙuri.

Sai dai waɗannan taurari suna da abin da ke tare musu faɗuwa: rubutaccen kwantiragi, likitocin ƙungiya, da albashin da ke tafiya suna jinya. FIFA ma tana biyan ƙungiya diyya har Yuro miliyan 7.5 idan ɗan wasanta ya ji rauni yana buga wa ƙasarsa.

Matashin da ke buga gasar unguwanni a busasshen fili a Mubi ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Idan gwiwarsa ta gurɗe, galibi wajen mai ɗori ake fara kai shi. Mai ɗori gwanin karaya ne, amma tsinkewar jijiya ba ta fita ko a hoton ƙashi, sai da na'urar MRI. Kumburi na sacewa sai yaro ya koma fili, gwiwar tana zamewa, guringuntsi yana ƙara lalacewa. Aikin gyaran kan buƙaci tafiya manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma iyaye ne za su sayar da abin hannunsu su biya.

Rashin takarda yana jawo wata asarar. A tsarin FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 zuwa 23. A ciniki na Yuro miliyan 20, rabon ya kai miliyan ɗaya. Ƙungiyar da ba ta yi wa yaronta rajista ba, ko sisi ba za ta gani ba, kuma da irin wannan kuɗi ne za a iya jinyar na baya.

Don haka kafin uba ya miƙa ɗansa ga wakilin da ya zo da alƙawarin Turai, akwai tambayar da ta riga ta farashi: idan gwiwar nan ta tsinke, wa zai biya kuɗin asibiti, kuma a wace takarda aka rubuta hakan?