Kwana Uku a Kiyoto: Abin Kallo, Abin Ci da Tsaraba

A ƙasar Jafan akwai wata al'ada da muke jin da yawanku za su so a kawo ta makarantunsu. Kafin ɗalibai su gama ƙaramar sakandare, makaranta takan kwashi ajin gaba ɗaya zuwa wani gari mai nisa su yi kwana biyu da yini uku. Sunan wannan tafiya shugaku ryoko, kuma makarantun Tokiyo da kewaye sun fi zuwa birnin Kiyoto. Abin da ya fi burge mu shi ne, a makarantu da yawa ɗaliban ne ke tsara yawonsu. Akan raba su rukuni-rukuni tun a aji, su zaɓi wuraren da za su je, su duba jirgin da zai kai su, su lissafa kuɗin guzuri. A wannan makon mu ma za mu zauna mu yi irin nasu lissafin.

Kiyoto shi ne mazaunin sarkin Jafan fiye da shekara dubu, daga 794 har zuwa 1868. A Yaƙin Duniya na Biyu bai sha ruwan bama-bamai irin wanda Tokiyo da Osaka suka sha ba, shi ya sa tsofaffin gine-ginensa na katako suke nan tsaye. A 1994 hukumar UNESCO ta saka wurare 17 na birnin da kewayensa cikin kayan tarihin duniya. Daga Tokiyo, jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen yana isa can cikin awa biyu da kwata, alhali nisan ya ɗara na Kano zuwa Abuja. To amma kwana uku ba za su ishi mutum ya ga ko rabin wuraren nan ba. Dole a zaɓa, kuma dole a yi sammako.

Mu da sassafe za mu fara da Fushimi Inari, wurin bauta na addinin Shinto da ke gindin wani tsauni a kudancin gari. Dubban ƙofofi ne na katako, ja mai ruwan lemo, an jera su kusa da kusa har sun zama kamar rumfa mai hawa tsauni. Kowace ƙofa wani kamfani ne ko wani mutum ya biya kuɗinta, an rubuta sunansa a bayanta. Shiga kyauta ne, ba a kuma rufewa. Wanda ya iso da hantsi sai dai ya kalli ƙeyar na gabansa, don haka ƙarfe shida ko bakwai ya fi.

Kinkaku-ji shi ne ginin da ake yawan gani a hotuna, wanda aka lulluɓe hawansa biyu na sama da zinariya, inuwarsa na kwance cikin tafki. An gina shi a 1397, wani matashi mai koyon aikin bauta a wurin ya cinna masa wuta a 1950, aka sake gina shi a 1955. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ba a shiga ciki, kuma rabin awa ya isa. Mu dai mun fi son fadar Nijo, wadda shugaban mayaƙa Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603. A nan sai ka cire takalmi ka taka daɓen katako, shi kuwa ya riƙa kuka kamar tsuntsu da kowane taku. Ana cewa da gangan aka yi shi haka don a ji tafiyar mai shigowa da mugun nufi cikin dare. Wasu masana gini kuma sun ce ƙarafan da ke riƙe da katakon ne suka saki da tsufa suke goga ƙusoshi. Ko ma wanne ne, gwada tafiya a hankali ka gani, ba za ka tsira ba.

Ga masu son zane da wasan bidiyo, akwai gidan adana littattafan manga da aka buɗe a 2006 cikin ginin wata tsohuwar firamare, inda za ka zaro littafi daga kanta ka zauna ka karanta. Kamfanin Nintendo ma ɗan Kiyoto ne. A nan aka kafa shi a 1889, kuma da katin wasa na kwali ya fara.

Abinci ne wurin da baƙo ya fi bukatar natsuwa. Taliyar nan mai romo da ake kira ramen, galibi da ƙashin alade ake dafa romonta ko a ɗora yankansa a kai, ko da sunanta a jerin abinci bai nuna ba. Sannan akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake zubawa a miya da gashi kamar yadda muke jefa magi. Wanda ba ya cin waɗannan ya riƙe kalmar butaniku, wato naman alade, ya yi tambaya kafin ya zauna, ko ya nemi gidajen abincin da suka manna shaidar halal, domin akwai su a Kiyoto. Da yawa daga gidajen abinci suna jera samfurin girkinsu na roba a bayan gilashi tare da farashi, wanda harshe ya gagara sai ya nuna da yatsa.

Abin dariyar shi ne, girkin da Kiyoto ke taƙama da shi ba baƙonmu ba ne. Awara ce. Su suna kiranta tofu, kuma maimakon a soya ta a barbaɗa yaji, tafasa ta suke yi cikin ruwa da wani ganyen teku, a tsoma a miyar waken suya. Sunan wannan girki yudofu. Harshen da ya saba da yaji zai ji ta salam a loma ta farko, a ta uku ne ɗanɗanon waken yake fitowa. Shayinsu kore, matcha, garin ganye ne da ake kaɗawa da ruwan zafi ba madara ba sukari. Yana da ɗaci, shi ya sa ake ba da ɗan abin zaƙi a fara ci. Ɗalibi mai lissafin kuɗi kuwa ya nufi ƙananan kantunan da ba sa rufewa dare da rana, ya sayi onigiri, curin shinkafa da kifi a tsakiya.

Abu biyu kada a manta. Ba a soke sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don haka suke yi wa mamaci. Ba a kuma barin tukuici a kan tebur. Mai hidima zai iya biyo ka da gudu ya miƙa maka kuɗinka, a zatonsa mantawa ka yi.

Kasuwar Nishiki wani siririn lungu ne mai rufi, tsawonsa wajen mita 400, da shaguna sama da 100 na kifi da kayan tsami da kayan zaƙi. 'Yan kasuwar suna roƙon kada a ci abinci ana tafiya, sai dai a tsaya a gaban shagon da aka saya a cinye. Ka kuma riƙe leda a jaka, domin kwandon shara yana wuyar gani a titunan Jafan, kowa da shararsa yake komawa masauki.

Irin waɗannan ƙa'idoji ba don a takura wa baƙo aka yi su ba. Mutane kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a Kiyoto, kuma baƙi sun yi musu yawa. Motocin bas kan cika maƙil har ɗan gari mai zuwa aiki ya rasa wurin shiga, abin da ya sa a 2023 aka daina sayar da tikitin bas na yini guda da baƙi suka fi amfani da shi. A unguwar Gion, inda matan nan masu rawa da kiɗan gargajiya da ake kira geiko suke aiki, wasu baƙi sun riƙa tare musu hanya da kyamara, har da masu jan rigarsu. A 2019 mazauna unguwar suka kafa allunan hana ɗaukar hoto a lungunansu tare da tarar yen 10,000, a 2024 kuma aka hana baƙi shiga wasu lungunan ɗungurungum.

Saura tsaraba. A nan babu taya babu albarka, abin da aka rubuta shi za a biya, kuma a ɗan faranti ake ajiye kuɗin maimakon a miƙa hannu da hannu. Mai ƙaramin guzuri ya shiga shagunan yen 100 irin su Daiso, ya kwashi biro da littafin rubutu masu inganci, sai dai ya tuna da haraji kuɗin zai koma 110. Mai ɗan hali ya leƙa shagon wuƙaƙe na Aritsugu a cikin Nishiki, gidan maƙeran da suka fara da ƙera takubba tun 1560. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata kuwa zai tsaya cak idan ya ga shibori, ƙyallen da ake ɗaurewa da zare kafin a rina shi, sau da yawa da shuni. A Kiyoto sukan yi shi ƙanana, hankici ko ɗan gyale, yadda ɗalibi ma zai iya saye.

Tsarabar da ɗaliban Jafan suka fi kai wa gida ita ce yatsuhashi, wani abin zaƙi na garin shinkafa da sukari da kirfa. Iri biyu ne. Gasasshen yana daɗewa, mai laushin da ake naɗewa da jan wake a ciki kuwa kwanakinsa kaɗan ne. Idan shi kake so, bari sai ranar tafiya ka saye shi a tashar jirgin Kiyoto, ka kuma duba ranar da aka buga a jikin kwalin.