Wa ya sayar da jirgin da ya nutse?

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife, bayanin hukuma ɗaya ne: lodi ya yi yawa, tafiyar dare aka yi, ba rigar kariya. Haka aka ce a Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki. Ba a taɓa jin an tambayi daga hannun wa aka sayo jirgin, ko me aka lulluɓe da kwalta da fenti kafin a ce "na sallama".

Tambayar ta shafe mu a Borno. Tun da aka fara mayar da mutanen Baga gida a 2020, masunta ke sake haɗa jari daga tushe, kuma wanda ya yi shekaru a sansanin gudun hijira a Maiduguri ba shi da kuɗin sabon jirgi da sabon injin Yamaha. Na hannu zai saya, ta hannun dillali. In ruwa ya fara tsattsafowa bayan mako biyu, sai a ce masa in ka saya ka saya.

Dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila ta fi karkata ga cewa mai saye ya buɗe ido, sai in mai sayarwa sana'arsa ke nan. Akwai kuma dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC. To amma wane masunci ne zai baro Doron Baga neman ofishinta?

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta fayyace: wanda ya ga aibi a abin da ya saya yana da zaɓi, ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani sabon lahani ya auku a hannunsa, zai iya riƙe kayan a biya shi gwargwadon tsohon aibin. Muhtasar na Halil ya ƙara wani abu da kamar don masu jirgin katako aka rubuta shi: aibin da ba a ganewa sai an fasa abu, irin ƙwaron da ke cin cikin itace, ba a mayar da ciniki saboda shi, domin mai saye da mai sayarwa duk a duhu suke. Amma wanda ya san katako ya ruɓe ya shafe shi da kwalta, wannan algus ne, kuma faɗin "yadda ka gan shi" ba ya wanke shi. Alƙalan Borno sun yanke hukunci da waɗannan ƙa'idoji tun kafin Bature ya zo, yau kuwa an fi jin su a bakin masu karatu.

Mai saye ma da nasa. In ya ga aibin ya ci gaba da fita su, ya yarda ke nan, haƙƙinsa ya faɗi. Don haka da ya ga aibi, ya tsayar da jirgin nan take, ya kira masassaƙi da shaidu su gani, sannan ya nufi shugabannin masunta ko kotun shari'a.

Ƙungiyoyin masunta da dillalan kifi na kasuwar Baga Road su wajabta takardar ciniki mai ɗauke da shekarun jirgi, gyaran da aka yi masa, da sunan dillalin da ya ci la'ada. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA kuma ta riƙa neman wannan takarda kafin jirgi ya ɗauki fasinja.