Amanar Tsofaffi a Gidajen Kulawa na Ingila

A ƙasar Ingila, inda 'ya'ya kan watsu cikin birane neman abinci tun da ƙuruciya, inda kuma rai kan yi tsawo har mutum ya haura tamanin yana fama da ciwon mantuwa, al'ada ta gudana a kan cewa idan tsoho ya kasa ɗaukar ɗawainiyar kansa, sai a kai shi gida na musamman, a riƙa biyan kuɗi mako-mako, ma'aikata su ci gaba da hidimarsa dare da rana. Galibin gidajen nan na 'yan kasuwa ne. Gwamnati kuwa tana sa ido a kansu, ta hannun hukumar CQC wadda ta fara aiki a 2009.

Wanda bai taɓa jinyar tsoho ba, da wuya ya san nauyin wannan aiki. Tsohuwar da ba ta iya motsi, wajibi ne a juya ta bayan kowace sa'a biyu zuwa huɗu, domin in aka bar ta a kan ɓangare guda, jini ya daina zagawa a ƙugu da diddige, fata ta mutu, gyambo ya buɗe wanda kan ci nama har ƙashi; haka nan mai ciwon mantuwa, ko ƙishirwa na cinsa ba zai ce a ba shi ruwa ba, sai an kai kofi bakinsa, an zauna an yi haƙuri har ya haɗiye. Idan ma'aikaci guda aka bar wa ɗakuna masu yawa cikin dare, ƙararrawa na ƙara nan da can, to lalle wani zai kwana cikin fitsarinsa, ko da kuwa ma'aikacin nan mai tausayi ne.

Misali mai ban tsoro shi ne gidan Orchid View da ke Sussex ta Yamma, sabon gini mai ƙayatarwa da aka buɗe a 2009 aka rufe a 2011. Mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19 daga mazaunansa, a 2013 kuma ta yanke cewa sakaci yana da hannu a biyar daga ciki. An samu ƙarancin ma'aikata, an samu kuskuren ba da magani, alhali a 2010 hukumar sa ido ta shaidi gidan da kyau. Asirin bai tonu ba sai da wata ma'aikaciyar ofis, wadda aka umurta ta lalata takardun magani, ta kai magana ga 'yan sanda. Kamfanin da ya mallaki gidan, Southern Cross, mai gidaje kusan 750, ya durƙushe a 2011 ɗin, saboda gine-ginen da yake aiki a ciki na haya ne, kuɗin haya na hawa, abin da ƙananan hukumomi ke biya domin kula da mazauna gidajen kuwa bai bi shi ba. A ganina, babban alhaki yana wuyan shugabanni, gama shugaban gida shi ne ke tsara masu kwana a bakin aiki, shi ne ke karanta takardun magani, shi ne kuma ke sa ƙaramin ma'aikaci ya faɗi gaskiya ko ya kama bakinsa.

A nan ne al'amarin ya shafe mu 'yan Nijeriya. Albashin aikin kaɗan ne, 'yan ƙasa na gudunsa, sai Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, 'yan Nijeriya kuwa suna cikin waɗanda suka fi yawan zuwa. A Maris na 2024 aka hana sababbin zuwa tahowa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar ma'aikatan daga waje. Waɗanda suka riga suka shiga, izinin zamansu yana ɗaure da kamfanin da ya ɗauke su, ta yadda wanda ya rasa aikinsa galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasar. Mutumin da ke cikin wannan hali, ga iyaye a gida suna jiran aike, shi ake buƙatar ya tsaya gaban shugabansa ya ce an yi kuskuren magani a ɗaki kaza.