Tanbihi ga fatake da direbobi a kan hayaƙin janareta

Ya ku 'yan'uwa masu kwana cikin mota kuna jiran lodi a Dawanau, ko jiran sauke albasa a Mile 12 ta Ikko, ga magana a kan ƙaramin injin nan da kuke tayarwa don fitila da fanka da cajin waya.

Ku sani hayaƙin da ido ke gani ba shi ne mai kisa ba. Shuɗin nan, mai ne yake ƙonewa. Mai kisan wata iska ce a cikinsa, Turawa na ce mata kabon monoksaid, ba launi, ba wari. Sabon inji ma yana fid da ita. In ta shiga huhu sai ta kama jini, kamun da ya fi na iskar numfashi ƙarfi sau fiye da 200. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mutum ya ce ai zazzaɓi ne, ya ƙara jan bargo. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa.

Babban kuskure shi ne tura inji ƙarƙashin mota don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Can iskar ke taruwa, ta bi ɓular faranti da gefen ƙofa ta hau inda kake kwance. Ajiye shi cikin bodi a rufe da tamfol ya fi wannan muni. A Amurka, inda ake da motoci masu ɗakin kwana, hukumar lafiyarsu cewa ta yi a nisanta inji ƙafa 20 daga ƙofa da taga, wato kamar mita 6. To, sai ka sayi doguwar waya da sarƙa da kwaɗo, ka ɗaure shi jikin bishiya, salansa na kallon waje. Duba inda iska ke kaɗawa. Duba na maƙwabci kuma, don a tasha mota na jikin mota, hayaƙinsa tagarka zai nufa. Buɗe gilas kaɗan ba ya wadatarwa. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in iskar ta taru, a rataye ta kusa da wurin kwanciya.

In kun tarar da mutum ya galabaita, a kashe inji, a fid da shi fili, a yi asibiti a sa masa iskar numfashi. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa cire ta daga jini, kuma wanda ya suma yana iya shaƙewa.

Haza wassalam.