Mabuɗin gwangwani: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya

A yawancin gidajenmu wuƙa ce ke buɗe gwangwani. Uwargida takan kafa tsininta a kan murfin tumatir, ta buga ƙotar da tafin hannu, sannan ta bi gefe tana yankawa. Buƙata tana biya, amma da hasara: wuƙa ta dakushe, tsini ya lanƙwashe, murfi ya fito da baki mai tsage yatsa, wani lokaci ma ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa cikin abinci. Mutane da yawa sun taɓa sayen mabuɗi, kafin a je ko'ina ya fara zamewa, suka jefa shi kwandon shara suka koma wa wuƙa. Ba mabuɗi ne ba shi da amfani ba. Marar kyau suka saya, ko kuma sun bar mai kyau a jiƙe.

Gwangwani ya girmi mabuɗinsa nesa ba kusa ba. A 1810 wani ɗan Ingila mai suna Peter Durand ya yi rajistar dabarar adana abinci a cikin gwangwani, amma ƙarfen lokacin yana da kauri ƙwarai, da guduma da kurfi ake fasa shi. Sai a 1855 Robert Yeates ya fito da mabuɗi a Ingila, Ezra Warner kuma ya yi rajistar nasa a Amurka a 1858. William Lyman ne ya kawo ɗan faifai mai kaifi da ke zagaya murfi a 1870, a 1925 kuma wani kamfani a San Francisco ya ƙara faifai na biyu mai haƙora. Wannan faifai na biyu shi ne ya kamata mai saye ya sa wa ido.

Ga yadda abin ke aiki. Kowane gwangwani yana da leɓe a samansa, inda aka naɗe murfi da jiki. Idan kuka matse mariƙan mabuɗin, faifai mai kaifi ya huda murfi daga sama, mai haƙoran kuma ya ciji leɓen daga ƙasa. Kuna murɗawa, haƙoran na tura gwangwanin yana juyawa, kaifin na yanka. Saboda haka idan mabuɗi ya daina aiki, ba kasafai laifin kaifi ba ne. Ko dai haƙoran sun cinye, ko ƙusar da ta haɗa mariƙan biyu ta saki, tazara ta shiga tsakanin faya-fayen, sai ku yi ta murɗawa gwangwani na tsaye wuri ɗaya.

To, idan kun je wurin masu kayan kicin, ku ɗauki mabuɗin a hannu, kada ku tsaya ga kallon kwalinsa. Mai nauyi ya fi, domin nauyin na nuna kaurin ƙarfe. Ku buɗe mariƙan ku girgiza su hagu da dama. In suna rawa tun suna sababbi, ku ajiye. Ku matse su da ƙarfi ku ga ko ƙarfen na lanƙwasa. Ku duba faifan mai haƙora: ya zama na ƙarfe, haƙoransa masu zurfi, kuma abin da yake juyawa a kai kada ya zama roba. Roba a kan mariƙi ba laifi, tana ma hana hannu ciwo, amma roba a cikin sassan da ke juyawa ita ke fara mutuwa. Abin murɗawar kuma ya zama babba mai cika hannu, musamman idan a gidan akwai dattijuwa mai ciwon gaɓoɓi.

Ƙyalli na ruɗar mutane. Akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai kuma baƙin ƙarfe da aka shafe da fari. Duka suna ƙyalli a shago, amma na biyun da zarar shafen ya fara ɓarewa sai tsatsa ta kama shi, ballantana da damina. A ganina gwajin da ya fi kowanne shi ne ku sayi ƙaramin gwangwanin tumatir, ku roƙi mai shago ya bari ku gwada a gabansa. Ƙaramin gwangwani ya fi babba wuyar buɗewa, saboda zagayensa a matse yake. Mabuɗin da ya zagaye shi sau ɗaya bai zame ba, bai bar wurin da bai yanku ba, zai iya da sauran.

Akwai wani iri da ke yanka leɓen ta gefe maimakon ya huda murfi. Murfin na ɗagowa ba kaifi, kuma faifan ba ya taɓa abincin, don haka ya dace da gida mai yara. Sai dai yakan sha wuya idan leɓen ya lotse, ga shi ya fi tsada. Na lantarki kuwa ba na ba da shawararsa a inda wuta ba ta tsayawa. Wasu gwangwanayen madara ba su da leɓen da faifai zai kama, huda su ake yi, shi ya sa yana da kyau ku zaɓi mabuɗin da ke da ɗan tsini a jikinsa don wannan aiki. Bahago ya sani cewa yawancin mabuɗai don masu amfani da hannun dama aka ƙera su, ya gwada kafin ya biya.

Sauran aikin yana hannunku. Ruwan tumatir yana da tsami, idan ya bushe tsakanin haƙoran yana cin ƙarfe, kuma nan ne datti ke taruwa ya shiga gwangwani na gaba. Ku wanke mabuɗin da zarar kun gama, da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ku goge shi ya bushe ƙarau, ku rataye shi. Kada a bar shi cikin ruwan wanke-wanke tare da kwanuka. Lokaci-lokaci a ɗiga masa man gyaɗa a inda yake juyawa. In tsatsa ta fara, a shafa ruwan lemun tsami, a goge, a busar, a sa mai.

Kafin ku huda kowane gwangwani, ku goge murfinsa, domin ya sha ƙura a shago kuma ɓeraye na bin kansa. Wanda ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotse daidai wurin naɗin, kada ku buɗe shi kuma kada ku ɗanɗana, domin gubar da ke iya taruwa a cikinsa tana kisa ko da abincin bai yi wari ba. Abin da ya rage bayan an buɗe a juye shi cikin mazubi mai murfi, a kuma tura yankakken murfin cikin gwangwanin kafin a yar, saboda yaran da ke tsintar gwangwani suna ƙera motar wasa da shi.