Prius Biyu a Wajen Dillali: Ta Ajiye da Ta Aiki

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, mutanen da a da ko kallon motar haibirid ba sa yi, wato mai haɗa injin fetur da babban batir, sun fara tambayar kuɗinta. Akasarin waɗanda ake samu a hannun dillalai Toyota ne, Prius ko Camry, 'yan Beljiyam da suka riga suka yi shekara goma ko sha biyar a Amurka ko Turai. A irin wannan ciniki mai saye yakan tarar da mota biyu ƙirar shekara ɗaya a jere. Ta farko agogonta bai nuna tafiya mai yawa ba, kujerunta tas, dillali yana ta rantsuwa cewa ta wata tsohuwa ce, a gareji ta ƙare rayuwarta. Ta biyu ta ci hanya, ta haura kilomita 250,000, sitiyarinta ya goge, da gani kullum tana kan titi. Da motar fetur ce zalla, babu wani dogon tunani. A haibirid kuwa, ni ta biyun zan fara dubawa, kuma dalilina yana kwance a bayan kujerar baya.

A nan babban batirin yake. A Prius ta 2004 zuwa 2015, jerin ƙananan batura ne guda 28 da aka ɗaure wuri ɗaya, kowane yana ba da bolt 7.2, jimilla bolt 201.6. Kwamfutar motar ba ta barin batirin ya cika fal ko ya ƙare ƙaf, tana riƙe shi tsakanin kusan kashi 40 da kashi 80 cikin ɗari, shi ya sa yake daɗewa. Amma sai motar tana tafiya kwamfutar ke iya wannan kulawa. In aka ajiye ta wata da watanni, caji yana zurarewa da kansa, kuma ba daidai yake zurarewa a duk guda 28 ɗin ba. Wani ya riƙe, wani ya sake. Da yake a jere aka haɗa su, ɗaya in ya raunana ya ja sauran ƙasa. Abin ya fi haka ma: Prius ba ta da kik irin na sauran motoci, babban batirin ne ke juya inji ya tashi. In ya mutu murus, turi ba ya tayar da ita, jona waya da wata mota ma ba ya yi.

To ka ga motar tsohuwar nan ta gareji, shekarunta sun ci batirin ko da ba ta je ko'ina ba. Ƙara mata da watannin da ta yi a filin gwanjo, da makonnin da ta yi a jirgin ruwa, da zaman tashar Legas ko Kwatano, da zaman jiran mai saye cikin rana. Ita kuwa wadda ta sha aiki, batirinta kullum yana shan caji yana saki a cikin iyakar da aka tsara masa. Masu tasi a biranen Amurka da Kanada da Turai sun daɗe da sanin haka. Prius da yawa a hannunsu sun wuce kilomita 300,000 da batirin da suka fito da shi daga kamfani.

Ba ina cewa mai yawan tafiya ba ta da nata ciwon ba. Tana da shi, amma a inji yake da ƙafafu. Prius ta 2010 zuwa 2015, mai inji lita 1.8, an san ta da toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, kuma an san ta da ƙonewar gaskit da shan baƙin mai in ta tsufa. Alamar ita ce karkarwa da ƙwanƙwasa idan an tayar da ita da sanyin safiya, da raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga inda yake zuba ba. Don haka kada ka yarda a ɗumama maka mota kafin ka iso. Ka sa hannu a kan bonet, ka tabbata a sanyaye take, sannan a kunna a gabanka. Ka kuma saurari famfon birki: in kana jin ƙararsa a kai a kai alhali ba ka taka komai ba, gyara mai tsada yana tafe. Duk da haka, yawancin waɗannan cututtuka bakanike mai hankali a Kano ko Kaduna zai iya da su, kayan gyaransu kuma suna kasuwa. Babban batir ne ba kowane mai rewaya zai taɓa ba. Wayoyin nan masu launin ruwan lemo wuta ce mai kisa a cikinsu, kuma ina roƙon duk wanda bai koyi aikin ba ya bar su.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi wa agogon ita kanta motar ajiyar: gaskiya yake faɗa? Mayar da agogo baya tsohuwar sana'a ce. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba, ita za ka sa a bincika maka a intanet. In daga Amurka ta fito, sau da yawa za ka ga mil nawa ta yi a can, da jihar da ta zauna, da ko kamfanin inshora ya taɓa yafe ta saboda haɗari ko ambaliya. Ta ambaliya ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani, domin ruwa in ya shiga wayoyin haibirid a hankali yake cin su. Wurin da ta zauna ma yana da magana. Wadda ta zauna a Arizona ko Texas zafi ya riga ya gasa batirinta. Ta Kanada batirinta ya huta, amma gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinta da tsatsa.

Gwajin da zai raba gardama ba shi da wuya. Ka buɗe ƙofar baya, ka dubi ramin iskar da ke gefen kujera. Ta nan fanka ke zuƙo iskar cikin mota ta sanyaya batir. In ka shafa yatsa ka ji ƙura ta daskare, ko gashin kare ya cushe ramukan, batirin ya daɗe yana aiki cikin zafi. Sannan ka hau titi ka sa ido a kan hoton batir da ke allon gaba. Lafiyayye a hankali layukansa ke hawa, a hankali suke sauka. Wanda ya gaji kuwa, cikin 'yan mintuna za ka ga ya cika, ka tsaya a danja da na'urar sanyi a kunne ya zube ƙasa, inji ya yi ta tashi babu dalili, fanka tana gurnani a bayanka. Batir mai ƙaramin ciki ke nan, saurin cika, saurin ƙarewa.

Daga nan sai a jona na'urar bincike. Tana nuna batirin a rukuni 14, biyu-biyu, kuma ana so ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya lokacin da ake taka mota. In wani rukuni ya yi ƙasa da 'yan'uwansa har bambancin ya doshi bolt ɗaya, ko lambar P0A80 ta fito, magana ta ƙare. Ka sa a duba ko kwanan nan aka goge lambobin matsala, domin akwai masu canza ƙaramin batir ɗaya ko biyu, su kashe jar alamar da ke allo, motar ta yi lafiya na 'yan makonni har kuɗi ya shiga hannu. Wannan ha'inci ne, kuma wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar don ya rage sayen fetur shi yake faɗawa ciki.

Duk wadda ka ɗauka a cikin biyun, zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ƙurar hunturu suna jiranta. Na'urar sanyi a wannan mota ba jin daɗi ba ce kawai, da ita batir ke numfashi, don haka ka tabbata tana aiki kafin ka biya. Kwamfuresarta da wutar babban batir take juyawa, tana da mai nata na musamman, kuma in mai gyara ya zuba mata na sauran motoci yana iya jawo matsalar da ta fi ta farko.

In na'ura ta nuna rukunan motar aikin sun daidaita, injinta ya tashi da sanyi ba karkarwa, ita zan saya, kuma yawan tafiyarta hujja ce ta neman ragi. In zuciyarka ta kwanta da ta ajiyar saboda kyan jikinta, ka fara zuwa wajen masu sayar da batirin haibirid ka ji farashin na shekararta, ka cire shi daga kuɗin da dillali ya faɗa, sannan ka taya.