Ƙariya, Furen Da Ya San Hunturunmu

Akwai wani dangin furen okid da masana ke kira Paphiopedilum, wanda leɓen furensa ke da aljihu kamar gaban takalmi. Asalinsa dazuzzukan kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne, babu ko ɗaya a danginsa da ke tsira da kansa a Afirka. Wanda ya shuka irinsa yakan yi shekara 3 zuwa 5 yana jiran fure, wani lokacin ma fiye. Yanzu da hotunansa ke yawo a waya, ba mamaki mai sha'awar furanni a Kazaure ko Babura ya ji yana marmarinsa. Ni dai a ganina, wannan haƙurin gara a kashe shi a kan ƙariya.

Okid ɗin nan ba shi da rumbun ajiye ruwa a jikinsa, inuwa yake so da iska mai laima. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da komai har leɓe ya tsage, a Afrilu zafi ya kan haura digiri 40. Ga kuma doka: yarjejeniyar CITES ta hana fataucin waɗanda aka tumɓuko daga daji tsakanin ƙasashe, duk da haka a Biyetnam wani nau'in da aka bayyana a 1999 ya kusa ƙarewa a dajinsa cikin 'yan shekaru saboda masu tono.

Ƙariya kuwa 'yar gida ce a Sahel. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, nan take adana ruwan damina. Da rani ya kama sai ta zubar da ganye, a kan tsirarun rassan nan ne fure ke fitowa, gefensa ja-ja, maƙogwaronsa fari-fari, a lokacin da gonaki suka koma kara da ƙura. Abin da ke hana ta fure a gida yawanci yawan kulawa ne: a ajiye ta a inuwar zaure, a yi ta ɗirka mata ruwa safe da yamma, gindin ya yi laushi ya ruɓe. Tukunya mai huji a ƙasa take so, da rairayi haɗe da tsakuwa, abin da ƙasar Roni mai duwatsu ba ta rasa ba, sai rana ta aƙalla awa 6. Kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Wadda aka shuka daga iri takan yi fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wadda aka dasa daga reshe ta fi sauri, sai dai da wuya ta yi wannan tulun mai ban sha'awa.

Wani zai kawo karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Itacen dai yana 'ya'ya, kwanso biyu ne kamar ƙahon sa, in sun fashe iri ya fito da gashi iska ta kwashe, ba kasafai ake lura ba ne kawai. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne dafi, kuma gaskiya ne: ruwanta na taɓa zuciya, an daɗe ana dafin kibiya da shi a Afirka. Maganinsa a ɗora tukunyar inda yara da awaki ba sa kaiwa, a wanke hannu bayan an yanki reshe. Mai cewa kayan daji ne ba abin ado ba kuwa, ya sani wannan itacen, da aka raɗa wa Adenium a 1819 daga sunan Adan ta Yaman, shi manoman Tailan da Taiwan suka inganta suke sayar wa duniya kala-kala.

Masu rainon dashe daga Gwiwa zuwa Kazaure, ku tara kwanson ƙariya kafin ya fashe, ku shuka irin da zarar zafi ya shigo, domin sabon iri ya fi saurin tsira.